Wa Ke Riƙe Da Tikitin? Matasa Da Batun Komawa Tsarin Firaminista

A watan Fabrairun 2024 wasu 'yan Majalisar Wakilai su 60, daga jam'iyyu daban-daban, suka gabatar da ƙudurin gyara kundin tsarin mulki domin Najeriya ta bar tsarin shugaba mai cikakken iko, ta koma tsarin firaminista irin na Jamhuriya ta Farko. Abdussamad Dasuki mai wakiltar Kebbe da Tambuwal ne ya yi magana da yawunsu, kuma shekarar da suka sa wa ido ita ce 2031. Babbar hujjarsu tsadar mulki ce da kuma yadda iko ya taru a hannun mutum ɗaya. Amma akwai wata hujjar da ake yawan rataya wa wannan batu, musamman a bakin matasa masu ɗokin sauyi, wai a tsarin firaminista ba sai mutum ya karaɗe jiha 36 da biliyoyin naira ba, ya ci mazaɓarsa kawai ya shiga majalisa, daga nan hanya a buɗe take har kujerar minista, har ma ta firaminista. Maganar tana da daɗin ji. Ni dai a ganina an ɗora fata a inda ba nan matsalar take ba. Abin da ke hana matashi shiga majalisa, a ƙarƙashin kowane tsari, shi ne tikitin jam'iyya da kuma wanda ke riƙe da shi, kuma tsarin firaminista ƙara wa mai riƙe da tikitin ƙarfi yake yi.

Masu wannan fata sukan kafa hujja da tarihi, kuma tarihin gaskiya ne. Anthony Enahoro yana da shekara 29 lokacin da ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1953. Shehu Shagari yana da 29 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai a 1954. Maitama Sule ya shiga wannan majalisa yana wajen shekara 25, ya zama ministan ma'adinai da wutar lantarki a 1959 yana wajen 30. Sai dai ya kamata a tambayi yadda aka yi suka shiga. A wancan zamani masu ilimin boko a Arewa ba su da yawa, kuma galibinsu samari ne, malaman makaranta da ma'aikatan En'e. Aikin majalisa kuwa da Turanci ake yin sa. Wanda ke neman wakilin da zai tura Legas ba shi da zaɓi mai faɗi, dole ya waiwayi waɗannan samari. Ga shi kuma kafin 1959 zaɓen Arewa hawa-hawa ake yin sa, wakilai su zaɓi wakilai, kuma bakin sarakuna da En'e yana da nauyi a kowane mataki. Wato su ma waɗancan samari ta ƙofar da manya suka buɗe musu suka shiga. Waɗanda suka ƙi bin wannan ƙofa, samarin NEPU da aka kafa a Kano a 1950, an san abin da suka tarar a kotunan alƙalai da gidajen yari. Gambo Sawaba, wadda ta shiga NEPU tana matashiya, ba ta ma da ikon jefa ƙuri'a a duk tsawon Jamhuriya ta Farko, domin matan Arewa ba su sami wannan 'yanci ba sai a shekarun 1970. Ƙarancin 'yan boko ne ya ba samarin wancan lokaci kujera, kuma wannan ƙaranci ya wuce har abada.

Mun ma riga mun gwada maganin da ya fi sauƙi. A ranar 31 ga Mayun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar rage shekarun takara, wadda aka fi sani da Not Too Young To Run. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, aka bar na gwamna da sanata a 35. Buhari, wanda shi kansa ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa maso Gabas yana da 32, har ya yi wa matasan raha a wurin cewa su ɗan jinkirta nasu kamfen sai bayan 2019. Nasara ce ta gaske, domin gyara kundin tsarin mulki sai da amincewar majalisun jihohi aƙalla 24, kuma matasa ne suka bi jiha-jiha har aka samu. Amma bayan shekara huɗu, da aka zo sayar da fom na zaɓen 2023, APC ta sa naira miliyan 100 a na shugaban ƙasa, miliyan 50 na gwamna, miliyan 20 na sanata, miliyan 10 na Majalisar Wakilai, miliyan 2 na majalisar jiha. PDP ta sa miliyan 40 a na shugaban ƙasa, miliyan biyu da rabi a na Majalisar Wakilai. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000 ne. Mai ɗaukar wannan albashi sai ya yi kusan shekara 28 bai ci ba bai sha ba kafin ya tara kuɗin fom ɗin APC na Majalisar Wakilai. An yi wa matasa rangwame, gaskiya ne, amma rabin abin da ba ka da shi ma ba ka da shi. Kuma fom shi ne ƙaramin kuɗi. Babban a lokacin yana wajen daliget a daren zaɓen fid da gwani, inda a 2022 har dala aka riƙa ambata, ko kuma a ɗakin da ake zama a yi abin da ake kira maslaha, gwamna ya ce ga wanda za a ba.

Duk wannan yana faruwa ne jami'o'in gwamnati suna rufe. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki a ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. A tsakiyar wannan yaji ne ƙaramin ministan ilimi na lokacin, Emeka Nwajiuba, ya shiga sahun masu fom ɗin miliyan 100. Ɗalibai kuwa su ne rukuni mafi girma a rajistar INEC ta zaɓen 2023 idan aka kasa ta bisa sana'a, kuma 'yan shekara 18 zuwa 34 sun kai miliyan 37 cikin miliyan 93.4 da suka yi rajista, kusan kashi 40 cikin 100. Yawan nan bai hana a rufe musu makaranta wata takwas ba, domin babu ɗan siyasar da tikitinsa ya rataya a wuyansu. Ɗan majalisar tarayya mafi ƙarancin shekaru da zaɓen 2023 ya fitar, Ibrahim Bello Mohammed na Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza, yana da 27 a lokacin, ɗa ne ga tsohon shugaban riƙo na PDP kuma tsohon minista, Bello Haliru Mohammed. Wannan ba laifinsa ba ne, jama'a ne suka zaɓe shi. Amma yana nuna irin matashin da ƙofar ke iya wucewa da shi.

To, a ce an koma tsarin firaminista gobe. Me zai sauya a nan? A wannan tsari majalisa ce ke fitar da gwamnati, jam'iyyar da ta fi yawan kujeru ita ke ba da firaminista, ministoci kuma daga cikin 'yan majalisa ake ɗaukar su. Saboda haka kowace kujera ta mazaɓa ta zama ƙuri'a ɗaya a zaɓen shugaban gwamnati. Mai son mulkin ƙasa ba zai yi wasa da ko ɗaya cikin tikiti 360 ba. Kuɗin da ake zubawa yanzu a takarar shugaban ƙasa ba ɓacewa zai yi ba, mazaɓu zai gangaro. Shugabannin jam'iyya kuma za su fi tsananta neman mai biyayya, tunda ɗan majalisa ɗaya da ya bijire yana iya kayar da gwamnati.

Nepal ta isa misali. Ƙasa ce mai tsarin firaminista, majalisar wakilanta kujera 275, 165 ta hanyar mazaɓu, 110 ta hanyar jerin sunaye da jam'iyyu ke bayarwa a raba musu gwargwadon ƙuri'unsu. Daga 2015 zuwa 2025 mutum uku ne suka riƙa karɓa-karɓa da kujerar firaminista: K.P. Sharma Oli da Sher Bahadur Deuba da Pushpa Kamal Dahal, dukkansu sun haura 70 zuwa ƙarshen wannan zango. A wannan zango gwamnati takan faɗi a kafa wata, amma fuskokin ba sa sauyawa, domin su ukun ne ke riƙe da jam'iyyun, su ke rubuta jerin sunayen. A farkon Satumban 2025 gwamnati ta toshe Facebook da YouTube da wasu kafafen sada zumunta, matasa suka fito a ranar 8 ga wata, aka kashe aƙalla mutum 19 a wannan rana, kashegari aka cinna wa ginin majalisa wuta, Oli ya yi murabus. Bangladesh ma tsarin firaminista take yi, kuma ɗalibai ne suka kori Sheikh Hasina a ranar 5 ga Agustan 2024 bayan shekara 15 a jere tana mulki. A ƙasashen biyu matasa suna da ƙuri'a, suna da damar takara a takarda. Murya ce ba su da ita a inda ake yanke shawara, shi ya sa ta ɓulla a titi, kamar yadda ta ɓulla a Kano da Kaduna a watan Agustan 2024, har ta kai ga an gurfanar da ƙananan yara a kotun Abuja wasu suna faɗuwa don galabaita.

A ɗaya gefen akwai Norway. Ƙungiyar majalisun dokoki ta duniya, IPU, ta ce a 2023 'yan ƙasa da shekara 30 kashi 2.8 cikin 100 ne kacal na 'yan majalisun duniya, alhali kusan rabin mutanen duniya ba su kai 30 ba. A majalisar Norway mai kujera 169 adadin ya kusa kashi 14. Su ma da jerin sunaye suke zaɓe, kamar wani ɓangare na majalisar Nepal, don haka ba za a ce jerin ne sirrin ba. Bambancin yana wajen wanda ke rubuta jerin. A Norway rassan jam'iyya na yanki ne ke taruwa su tsara shi, kuma kowace babbar jam'iyya tana da ƙungiyar matasa mai cin gashin kanta, mai zaɓen shugabanninta, mai samun tallafin kuɗi daga baitulmali, wadda ke zuwa teburin tsara jerin da nata 'yan takara ta yi ciniki. Jens Stoltenberg, wanda ya yi firaminista kuma ya shugabanci NATO, daga shugabancin matasan jam'iyyar ma'aikata ya taso. A Finlan, Sanna Marin ta zama firaminista a Disambar 2019 tana da 34, amma kafin nan ta yi shekaru a majalisar birnin Tampere, har ta shugabance ta tun ba ta kai 30 ba. Birtaniya, uwar tsarin, ta tsaya a tsaka-tsaki. Tun dokar 2006 ɗan shekara 18 yana iya takara, kuɗin ajiya fam 500 ne kawai, kuma a mayar maka idan ka sami kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u. Shi ya sa Mhairi Black ta iya kayar da Douglas Alexander a 2015 tana da 20, Sam Carling ya shiga majalisa a 2024 yana da 22. Duk da haka matsakaicin shekarun 'yan majalisar ya daɗe yana kewaya 50, saboda mazaɓun da jam'iyya ke da tabbacin ci ba kasafai ake ba sabon jini ba.

Za a ce, to mene ne a cikin shekaru? Dattijo nagari yana iya kare muradun samari fiye da saurayi lalatacce, kuma abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Akwai gaskiya a nan, kuma duk mai cewa ƙuruciya ita ce nagarta bai karanta tarihinmu ba. Yakubu Gowon yana da 31 ya karɓi mulki, Murtala yana da 36, kuma samarin sojan wancan zamani su ne suka girma suka zama dattawan da ake kuka da su. Sebastian Kurz ya zama shugaban gwamnatin Ostiriya yana da 31, ya sauka a 2021 cikin binciken almundahana. Amma hujjar wakilcin matasa ba ta dogara da cewa sun fi kowa kirki ba. Ta dogara ne da cewa majalisa wuri ne na rabon arziki da rabon wahala, kuma wanda ba ya wurin kasonsa na wahala ya fi yawa. Gwamnatin haɗaka ta Birtaniya da aka kafa a 2010 ta ninka kuɗin jami'a kusan sau uku zuwa fam 9,000 a shekara, duk da alƙawarin da jam'iyyar Liberal Democrats da ke cikin haɗakar ta yi wa ɗalibai a rubuce. Wannan gwamnati dai ita ce ta kafa ƙa'idar da ke tabbatar wa tsofaffi ƙarin fansho duk shekara, ba ƙasa da kashi 2.5 cikin 100 ba. Ba mugunta ce ta sa haka ba, lissafi ne na wanda ke fitowa zaɓe da wanda ke zaune a taron jam'iyya. Bashin da ake ciyowa yau na shekara 30, mai shekara 20 ne zai biya shi. Hangen babba yana da amfani, amma mai biyan bashi yana da haƙƙin a ji ta bakinsa kafin a sa hannu, ko da kuwa hangensa bai kai na babban ba.

Za a kuma ce matasan ne ba sa fitowa, kuma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kashi 27 cikin 100 na masu rajista ne kawai suka kaɗa ƙuri'a. Haka ne. Sai dai ranar zaɓe ana ba mutum zaɓi ne tsakanin sunayen da aka riga aka tace a inda ba a gayyace shi ba. Kuma ba gaskiya ba ne a ce matasa ba sa cikin siyasa. Su ne masu liƙa fosta, su ne sojojin baka a rediyo, su ne 'yan soshiyal midiya masu zagin juna saboda iyayen gida, su ne ejan a rumfar zaɓe, su ne 'yan jagaliyar da ake ba ƙwaya da makami. Jam'iyyu suna cin ƙarfinsu da lokacinsu, wani lokaci har da ransu. Abin da ba a ba su shi ne ƙuri'a a cikin gida. Muƙamin shugaban matasa kuwa ya zama abin ba'a, har ta kai da PDP ta zaɓi ɗan shekara 25, Muhammed Kadade Suleiman, a wannan kujera a Oktoban 2021 sai da ya zama babban labari, alhali abin da sunan kujerar ke nufi ke nan.

Wasu na ganin mafita ita ce a ware wa matasa kujeru. Yuganda tana da guda biyar, Ruwanda biyu. Maroko ta ware 30 a 2011 ga 'yan ƙasa da shekara 40, ta soke su a 2021 bayan an daɗe ana sukar cewa shugabannin jam'iyyu na cika su da 'ya'yansu da yaransu. Kujerar da aka ware, idan mai rabon tikiti ne zai cika ta, ƙarin kyauta ce aka sa a aljihunsa.

Idan haka ne, gyaran da ya fi cancantar ƙarfin matasa yana cikin Dokar Zaɓe da dokokin jam'iyyu, ba a sunan tsarin mulki ba. A sa wa kuɗin fom iyaka a doka, a ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi, yadda ba zai zama hanyar tace talaka ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takarar Majalisar Wakilai zai kashe a naira miliyan 70, amma ta bar jam'iyya ta sa wa fom kuɗin da ta ga dama. Dokar ta kuma wajabta wa jam'iyyu miƙa wa INEC rajistar 'ya'yansu kwana 30 kafin zaɓen fid da gwani. Wannan rajista ita ce ya kamata ta zama abin dogaro, a buɗe ta kowa ya gani, a yi ƙato-bayan-ƙato da ita, domin na ga babu amfanin 'yar tinƙe idan gwamna ne zai rubuta sakamako a gidan gwamnati. Reshen matasa na kowace jam'iyya ya zama matasan ne ke zaɓen shugabanninsa, da iyakar shekaru, da kaso sananne a cikin masu fid da ɗan takara. Sai kuma ƙananan hukumomi. Kujerar kansila ita ce makarantar da ɗan shekara 25 zai koyi kasafin kuɗi da sauraron koke ba tare da miliyoyi ba, amma hukumomin zaɓe na jihohi sun mayar da ita naɗi, jam'iyyar gwamna ta lashe duka, a jihar kowace jam'iyya duk ɗaya. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 ya taɓa batun kuɗin ƙananan hukumomi da haramta kantomomi, bai taɓa wanda ke shirya zaɓen ba.

Shugabannin jam'iyyu za su ce jam'iyya ƙungiya ce mai zaman kanta, ba ruwan doka da yadda take fitar da ɗan takara, kuma kotuna sun sha kiran wannan harkar cikin gida. Da wannan magana ta tsaya da a ce akwai wata hanyar. Amma kundin tsarin mulkin 1999 bai yarda kowa ya tsaya takara ba sai jam'iyya ta tsayar da shi, ba mu da ɗan takara mai zaman kansa. Ƙungiyar da doka ta ba ikon zama ita kaɗai ce hanyar shiga majalisa ba ta da bakin cewa a ƙyale ta ta yi yadda take so. Kuma idan har ƙudurin su Dasuki zai yi nisa, wannan batu zai ƙara nauyi, domin a ranar da majalisa ta zama mai naɗa firaminista, mutanen da ke raba tikiti 360 su ne za su zaɓar wa ƙasa shugaba tun kafin a buga takardar ƙuri'a. Matasan da za su halarci zaman jin ra'ayin jama'a kan gyaran kundin tsarin mulki ya dace su nemi a haɗa wannan ƙuduri da sashen da zai ƙayyade kuɗin fom da yadda ake fid da ɗan takara, su kuma ƙi goyon bayansa idan aka kawo shi shi kaɗai.